Ciwon 'Yar Mai Addu'a

A majami'ar da ke kan tudu, sama da tashar jiragen ruwa, babu wanda bai san labarin Ok Bun-nye ba. Yara ma sun haddace shi. Tana amarya tarin fuka ya kama ta, ta riƙa tofar da jini har likita a birnin Mokpo ya ce wa mijinta ya mai da ita gida, a ba ta duk abin da ranta yake so. Mijin bai kai ta gida ba. Goya ta ya yi ya hau dutsen addu'a da ita, ya kwantar da ita a wata 'yar bukka, aka yi ta azumi ana kuka a kanta. Da ƙafarta ta sauko. Daga baya ta haifi Hye-suk, wadda ita kaɗai Allah ya ba ta.

Mijin ya daɗe da rasuwa. Bun-nye ta tsufa tana sayar da busasshen kifi a kasuwar bakin ruwa, majami'a kuma ta ba ta muƙamin Gwonsa, irin wanda ake ba dattijan mata masu hidima. Duk gidan da ciwo ya shiga, ita ake aika wa. Sai ta bar wa maƙwabciya rumfa, ta wanke hannu don ƙarnin kifi, ta tafi. Takan ɗora tafinta inda ke ciwon ta yi ta roƙo har muryarta ta dushe. Waɗansu sun tashi, waɗansu ba su tashi ba, amma na waɗanda suka tashi ake ba da labari.

Hye-suk ba ta ɗauko zafin uwarta ba. Ita mai dariya ce, mai tsokana. Ita ke kaɗa wa mawaƙa fiyano ranar Lahadi, sauran ranaku tana koya wa 'ya'yan mutane a gida. Mijinta Chang-su makanikin jirgin fito ne, ba ya shiga majami'a. Yakan rako ta har ƙofa, ya jingina da katanga yana shan taba har a tashi. Bun-nye ta yi shekaru tana masa wa'azi, shi kuma ya yi shekaru yana cewa, “To, Mama, na ji.” Ba su sami haihuwa ba, amma ba a taɓa jin kansu ba.

Hye-suk tana da shekara talatin da huɗu abinci ya fara ƙin zama a cikinta. Aka ce gyambon ciki ne, aka yi ta magani, sai ramewa take yi. A ƙarshen sanyi aka kai ta babban asibiti a Gwangju, aka shiga da ita tiyata. Bun-nye tana durƙushe a gefen benci tana addu'a sai ta ga takalman Chang-su a gabanta. Ko daɗewa ba a yi da shiga da Hye-suk ba.

“Mama, sun buɗe, sun rufe,” in ji shi. “Ciwon daji ne. Ya riga ya bi ko'ina.”

Ta miƙe a hankali tana dafa bango. “Ni ma haka aka ce a kaina.”

“Na sani.”

“To, in ka sani me ya sa kake wannan fuskar?”

Da ɗinkin ya kama, aka sallamo Hye-suk da ƙunshin magungunan rage raɗaɗi. Bun-nye ta zo gidansu ta fara naɗe barguna. Chang-su ya tsaya a ƙofar ɗaki, hannunsa duk baƙin mai.

“Mama, dutsen nan akwai sanyi. Mutumin da ba ya iya riƙe ruwa a ciki za a sa azumi?”

“Kai ka san inji, ni na san wannan. Na taɓa koya maka gyaran jirgi?”

“Ba ki taɓa ba. Amma matata ce.”

“'Yata ce kafin ta zama matarka.”

Hye-suk tana kwance a shimfiɗa tana kallonsu. Ta ce, “Ku raba ni biyu mana, likitoci ma sun fara muku aikin.” Babu wanda ya yi dariya. Sai ta kama gefen wandon mijinta. “Zan je. Ka bar ni in je. In ban je ba, Umma ba za ta taɓa samun barci ba, ni ma haka.”

Shi ya kai su a motar wani abokinsa har gindin dutsen, shi ya tallafe ta har sama. Ya ajiye kayan, ya duba bukkar, ya toshe wata kafa da tsumma, ya sauka.

Dutsen yana nan yadda Bun-nye ta bar shi, sai dai an ƙara ɗakuna. Tun asuba ake jin muryoyi daga cikin itatuwa, maza da mata, kowa yana kiran Ubangiji da iyakar ƙarfinsa. Wani ya rungume itace yana jijjiga shi, wata ta kifa goshi a kan dutse. Bun-nye ta ɗauki azumin a kanta, ruwa kawai take sha. Takan ɗora hannu a kan ɗinkin cikin 'yarta ta yi ta roƙo. Ta tuna wa Allah abin da ya yi mata a wannan wurin, ta tuna masa yawan gidajen da ta shiga da sunansa, ta ce ita ba ta taɓa roƙon kuɗi ko gida ba, wannan kaɗai take roƙo. Hye-suk takan rufe ido tana cewa amin a hankali.

Wata safiya Hye-suk ta tashi zaune da kanta ta ce, “Umma, yunwa nake ji.”

Bun-nye ta ruga ɗakin girki ta karɓo faten shinkafa. Hye-suk ta shanye, ta ce a ƙaro, har ta nemi ɗan kimchi, kabejin da ake tsimawa da yaji. Abincin ya zauna. Washegari ma ya zauna. Ta fara zagaya bukkar, kumatunta suka ɗan yi jini. Ranar da Chang-su ya zo ɗaukarsu, da ƙafarta ta sauko, tana tsayawa tana hutawa, amma ba wanda ya riƙe ta. Ya tsaya a gindin dutsen yana kallonta, tabar hannunsa ta cinye har ta ƙona masa yatsa.

Lahadin da ta biyo, Fasto Ryu ya kira Hye-suk gaba. Ta tsaya cikin rigar da ta yi mata yawa ta ba da shaida a taƙaice: ta ce ta hau ba ta iya cin komai, ta sauko tana ci, ta gode wa Allah. Majami'a ta ɗauka da tafi da kuka. Pi Jeom-sun, ƙawar Bun-nye tun suna 'yan mata, ta rungume ta tana cewa, “Uwa da 'ya, a dutse ɗaya. Wa ya taɓa jin irin wannan?” Hye-suk ta zauna a fiyano ta kaɗa waƙar rufewa. Chang-su yana waje, amma a ranar kusa da taga ya tsaya.

Har lokacin dashen shinkafa ya wuce lafiya ake. Bun-nye kan kai musu miyar ganyen teku da kifi, ta tarar da Hye-suk zaune an gyara gashi, an shafa ɗan jan baki. Takan ci loma biyu ta ce ta riga ta ci kafin a zo. Bun-nye ta lura wuyan hannunta ya ƙara sirancewa, amma duk lokacin da tunanin ya taso sai ta kore shi, ta ce shakka ce, Shaiɗan ne.

Jeom-sun ma tana zuwa. Mace ce mai kirki, mai yawan magana, ba ta zuwa hannu biyu. Wata rana Bun-nye ta ji tana ce wa Hye-suk, “In kin ji wani ɗan motsi a cikin, kada ki kira sunansa. An riga an ba ki, kada ki mayar. Waɗannan ƙwayoyin kuma na mene ne? Wanda aka warkar yana shan magani?” Hye-suk ta kalli uwarta. Bun-nye ba ta ce a sha ba, ba ta ce a bari ba, ta ci gaba da fere tuffa. Da ta sake zuwa, ba ta ga magungunan a kan teburi ba.

Tsakiyar zafi, da rana tsaka, Chang-su ya zo rumfarta. Bai taɓa barin aiki a wannan lokacin ba. Ya tsaya a gaban tarin kifin kamar mai saye.

“Mama, ki rufe rumfar ki zo.”

“Me ya faru?”

“Ba abin da ya faru yau. Kullum ne yake faruwa, ke ce ba kya gani. Kafin ki zo take tashi ta yi kwalliya. Kina fita take kwanciya ta cusa tawul a baki don kada maƙwabta su ji. Na roƙe ta ta sha maganin, ta ƙi. Na yi faɗa, na yi kuka. Ta sa na rantse ba zan gaya miki ba.” Ya share fuska da hannun riga. “Ni ban san komai a kan Allahnku ba. Amma in shi ya ce a yi haka, ki gaya mini da bakinki.”

Bun-nye ta miƙe. Ta jawo buhu ta rufe kifin, ta bi bayansa. A hanya mutane suna gaishe ta, “Gwonsa, ina zuwa da ranar nan?” ba ta ji su ba.

Ba ta ƙwanƙwasa ba, ta tura ƙofar. Hye-suk tana kwance a ƙasa ta dunƙule, gwiwoyinta a ƙirji, gashinta ya jiƙe da gumi, tawul a tsakanin haƙoranta. Da ta ga uwarta sai ta yi ƙoƙarin tashi, tana laluben abin taje kai.

“Umma, ba ki ce za ki zo ba.”

“Kwanta.”

“Zafin garin ne kawai ya...”

“Na ce ki kwanta.”

Bun-nye ta zauna ta ɗora kan 'yarta a cinyarta. Ta ɗauki tawul ɗin ta duba. Duk ya huhhuje, akwai jini a inda leɓe ya fashe. Chang-su ya ja musu ƙofa ya zauna a waje.

“Tun yaushe?”

“Ya daɗe.”

“Me ya sa?”

Wani raɗaɗin ya taso wa Hye-suk ya wuce. Sannan ta ce, “Na tsaya a gaban kowa na ce na warke. In na koma kwance, me za a ce da ke? 'Yar Gwonsa Ok, wadda take warkar da na wasu.”

“Ni ban taɓa warkar da kowa ba.”

“Haka dai ake cewa.”

“Don abin da za a ce kika cinye tawul?”

“Ba shi kaɗai ba.” Ta juya fuskarta ta ɓoye a zanen uwarta, muryarta ta koma ta ƙaramar yarinya. “Umma, na yi ƙoƙari. Na ba da gaskiya iyakar yadda na iya. A dutsen nan na ji sauƙi da gaske, ban yi ƙarya ba. Da ya dawo sai na ce ni ce na saki. Na binciki kaina, na tuba daga abin da na sani da wanda ban sani ba. Bangaskiyata ba ta kai taki ba, shi ke nan.” Ta numfasa. “Mutuwar ba ta dame ni kamar wannan ba: in bangaskiyata ba ta isa ta warkar da ni ba, za ta isa ta kai ni wurinsa? Ko can ma zan je a ce da saura?”

Bun-nye ta yi shekaru tana amsa tambayoyin marasa lafiya, amsa kan zo mata tun kafin a gama tambaya. Wannan karon ba haka ba ne. Ta ji ƙasusuwan bayan 'yarta a ƙarƙashin tafinta, ɗaya bayan ɗaya. A waje wani jirgi ya yi hon zai tashi.

“Hye-suk, saurare ni,” in ji ta daga baya. “Ranar da na hau dutsen nan, ba da ƙafata na hau ba. Kin sani. Ubanki ne ya goye ni. Ban san ma inda nake ba, kaina yana lilo a kafaɗarsa. Ban taimake shi da komai ba, ko wuyansa ban iya riƙewa ba. Amma na isa.”

Hye-suk ba ta motsa ba.

“Haka za ki je. Ba ke za ki kai kanki ba, ɗaukarki za a yi. Yesu bai ce sai mai ƙarfi ba. Ki bar ƙoƙarin nan haka, kin gaji.”

“To me ya sa ke ya warkar da ke?”

“Ban sani ba.”

“Ba ki sani ba?”

“Ban sani ba. Da na ɗauka na sani.”

Hye-suk ta fara kuka, irin wanda ba a danne shi. Bun-nye ta bar ta ta yi. Da ta lafa, ta ɗaga murya ta kira Chang-su ta ce, “Ina maganin?” Ya shiga ɗakin girki ya zaro shi daga bayan tulun shinkafa inda aka ɓoye, ya kawo da ruwa. Bun-nye ta zuba ƙwayoyin a tafinta, ta rufe ido ta yi godiya a kansu yadda ake yi a kan abinci. Ta sa wa 'yarta a baki, ta tallafi kanta ta ba ta ruwan.

Kafin rana ta karkata Hye-suk ta yi barci, baki a buɗe, hannuwa a sake. Chang-su ya ce ya manta rabon da ya ga ta yi barci haka.

Ranar Laraba, a taron mata, Bun-nye ta miƙe ta ce ciwon Hye-suk ya dawo, tana shan magani, kuma ita ce ta ba ta da hannunta. Jeom-sun ta ce, “Gwonsa, kada mu karaya yanzu. Mu sake hawa dutsen, ni zan ɗauki azumin tare da ke.”

“Ki yi mata addu'a, ina so. Amma ba za ta sake hawa ba. Wanda zai zo gaishe ta kuma ya zo da waƙa ko da miya. Kada wanda ya tambaye ta abin da ta yi.”

“Ni ban taɓa cewa ta yi wani abu ba.”

“Na sani, Jeom-sun. Ban ce ke ba.”

Jeom-sun ta yi fushi, ta yi makonni ba ta taka gidan ba. Waɗansu matan suka riƙa magana ƙasa-ƙasa, cewa Gwonsa ta yi sanyi, surukin nan mara zuwa majami'a ya rinjaye ta. Fasto Ryu ya zo da kansa ya ba Hye-suk jibin Ubangiji a kan shimfiɗa. Da zai tafi ya tsaya yana sa takalmi ya ce wa Bun-nye, “Da ban kira ta gaba ran nan ba.” Ta ce, “Da ba ka kira ta ba, da ni na tura ta.”

Bun-nye ta bar rumfa ta tare a gidansu. Ba ta daina roƙon a warkar da 'yarta ba, ko sau ɗaya. Kowace asuba takan ɗora hannu a cikin ta roƙa, amma yanzu a hankali take yi, in ta gama kuma ta ba da magani. Hye-suk ta dawo da tsokanarta. Ta ce wa mijinta ya daina yanka albasa kamar yana kwance inji. Ta ce wa uwarta muryarta a waƙa ita ce babbar jarrabawar da Allah ya ɗora wa mawaƙan majami'ar nan. Wani lokaci takan sa a buɗe ƙofar ɗakin fiyano don ta riƙa ganinsa, yatsunta suna motsi a kan bargo.

Jeom-sun ta dawo lokacin da iska ta fara sanyi, ɗauke da tukunyar fate. Ta zauna a gefen shimfiɗar, ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta fasa. Ta kama ƙafafun Hye-suk da suka kumbura ta yi ta matsa su har yamma.

Hye-suk ta rasu da hantsi, lokacin girbi. Chang-su yana riƙe da hannunta ɗaya, uwarta da ɗayan. Ba ta yi wata magana ta ƙarshe ba. Numfashin ne ya riƙa nisa da juna har ya tsaya. Bun-nye ta jira na gaba, ta jira, sannan ta rufe mata ido. Ranar jana'iza Chang-su ya shiga majami'a ya zauna a layin gaba cikin baƙaƙen kaya na aro. Bai san waƙoƙin ba, ya riƙe littafin a rufe.

Bun-nye ta koma zuwa addu'ar asuba, amma duk sanyin shekarar ba a ji muryarta ba. Takan zauna a baya, kowa yana kuka yana kira, ita bakinta a rufe. Jeom-sun kan zauna kusa da ita, su tashi tare, su sauko tudun. Sai da ƙanƙara ta narke aka fara jin tana cewa amin.

Chang-su bai sake shiga majami'a ba, amma bai yar da ita ba. Shi ya gyara mata rufi, shi ke kawo mata gawayin ɗumama ɗaki. Bayan 'yan shekaru ya zo rumfarta da yamma, ya yi wanka ya sa riga mai kyau, ya tsaya yana juya hularsa. Ya ce akwai wata mata a tsibirin da jirginsu ke kwana, mijinta ya rasu, tana da 'ya'ya biyu, an yi masa maganar aurenta. Ya ce bai ba da amsa ba, sai ya ji daga bakinta.

“Tana da kirki?”

“Tana da shi, Mama.”

“To me kake jira? Ka tsufa?”

Ta zaɓo masa kifi mafi kyau a rumfar, ta naɗe a takarda ta ɗaure, ta ce ya kai wa iyayen matar, kada ya je musu hannu biyu kamar mara dangi. Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya ƙasa sosai, ya daɗe bai ɗago ba. Ta ce ya tafi kada jirgi ya bar shi.

Da ya ɓace cikin mutane, ta zauna a kan akwatin kifi. Wata mata ta zo tana tambayar farashi, ta maimaita har sau biyu. Bun-nye ta ce mata ta yi haƙuri, yau an tashi.